Farare Irin Nasa

"Faɗa wa likita da bakinki," na ce wa matata Rauda. "Jiya sai bayan la'asar kika ba ni maganin rana."

Muna zaune gaban likita a wani asibiti a Daura. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kwantar da ni, tun lokacin ita ke riƙe da magungunana har kala huɗu.

Ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri Malam, jiri ne ya ɗebe ni na ɗan kwanta."

"Kullum da uzuri," na ce. So nake likita ya yi mata faɗa.

Ya auna ni, ya ce jinina lafiya lau. Sai ya ƙura wa Rauda ido.

"Hajiya, ba ke na rubuta wa magani wata uku da suka wuce ba? Miƙo hannunki."

Ni ban taɓa jin wannan zancen ba. Da ya ga awon jininta, fuskarsa ta canza.

"Kina shan maganin kuwa?"

"Na daina, likita. Ban yi boko ba, da kala nake gane nasa. Nawa kuma farare ne irin nasa na safe. Na ji tsoron wata rana in ba shi nawa in cutar da shi, shi ne na zubar."

Likita ya juyo ya dube ni, na kasa ɗaga kai. Shekara ashirin ina koyar da Turanci a sakandare, amma ko sau ɗaya ban taɓa ɗaukar kwalin maganina na karanta ba.