Layin da Hinnerk Ya Daina Tsallakawa

Sau uku Frauke ta karanta takardar, sau uku ta ga sa hannun Hinnerk a ƙasa: ya duba Kaka, lafiyarta lau. Ƙarya ce. Tun safe idonta na kansa, ƙafarsa ba ta taka ɗakin Kaka ba.

Kaka muke kiran katafaren naɗin wayar da ke kwance cikin sanyi a bayan tasharmu ta binciken lantarki. Injin da muke gwajin hura wuta irin ta rana a cikinsa ba ya shan lantarki kurɓi-kurɓi. Zuƙa ɗaya yake yi, wadda za ta iya dusashe fitilun garin har bakin teku. Shi ya sa Kaka ke tara wutar a hankali cikin maganaɗisunta, ta juye masa lokaci guda. In ta tsage da wannan kaya a cikinta, Allah kaɗai ya san wanda zai fita. Ƙarfe sha biyun rana za a yi babban gwaji, kuma Frauke ce mai ba da izini.

Hinnerk ne ya naɗe Kaka da hannunsa. A da, ko burodinsa a gefenta yake ci. Amma tun da ya dawo daga hutu, wai mako uku yana kamun kifi, bai kawo mana ko ƙaya ba, mutumin ya canza. Sai ya toge a bayan layin ruwan ɗorawa da aka ja a ƙofar ɗakinta yana aiken wasu, a gindin allon nan da duk mun daina kallo, mai hoton makulli da agogo da zuciya, kowanne an soke shi da ja saboda ƙarfin maganaɗisun. Wayarsa ma ta bar aljihun ƙirji ta koma na wando, kamar mai ɓoye saƙo.

Abin ya ci wa Frauke rai, don shi ya koya mata aiki. Me zai sa mutum ya guji abin da ya gina, in ba ya san inda ya lalace ba?

Ta tare shi a bakin layin.

"Dattijo, me ke damun Kaka?"

"Tsufa, irin nawa. Ke dai ba da izini, shugaba."

"In lafiya take, zo mu shiga tare. In ka ƙi, yanzu na kai ƙararka wajen manya, kafin sha biyu kana waje."

"Haba Frauke! Shekara ashirin da shida fa nake jiran yau."

"To, taka."

Ya dube ta, ya dubi Kaka, wadda tuni ta fara cika. Ya zuba makullansa a kwando, ya kwance agogo. Gumi ya keto masa a ɗakin da kowa ke sanye da rigar sanyi. Ai ga mara gaskiya nan, in ji zuciyarta. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, ya rintse ido.

Haƙurinta ya ƙare. Ta cakumi gaban rigarsa ta fizgo shi baya.

"Faɗa min inda ta tsage!"

A ƙarƙashin yatsunta, ta hagun ƙirjinsa, cikin fata, ta ji wani abu mai tauri kamar akwatin ashana: na'urar da likitoci suka dasa masa a hutun nan na kamun kifi don ta riƙa buga masa zuciya, wadda maganaɗisun Kaka zai iya rikitawa da taku ɗaya bayan layin.