Guntun Wayar da Ya Faɗa Cikin Silinda

Ka taɓa ganin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya durƙusar da mota da kayanta a gefen titi? To, gyara zama ka ji.

Wani direban akori-kura ne ya ɗauko kwandunan tumatir daga fadama zai kai kasuwar birni. Kayan ba nasa ba ne, na manoman garinsu ne, wahalar raninsu gaba ɗaya suka ɗora masa a bayan mota. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa, yau ja, gobe ruwa. Yana cikin tafiya da hantsi sai ya ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin injin. Ashe filogi ɗaya ne ya yi tsalle ya fice daga raminsa. Direban nan ƙaƙƙarfa ne, duk sanda ya canza filogi sai ya zura fayif a sifana ya ɗaure iya ƙarfinsa, alhali tof silinda, wato murfin saman injin inda ramin filogi yake, alminiyam ne, taushi gare shi. Yau da gobe, haƙoran cikin ramin, waɗanda makanikai ke kira tiredi, suka cinye, rami ya koma sumul kamar dasashin tsohuwa.

Ya lallaɓa motar tana tari har garejin wani bakanike da ya shekara talatin yana wannan sana'a. Kai, ka ga aiki! Bai ko sauke tof ɗin ba. Ya shafa wa ƙarfen yanka tiredi giris don ɓarɓashi ya maƙale a jiki, ya riƙa juyi biyu gaba, ɗaya baya, yana zarowa yana gogewa, har ramin ya yi sababbin haƙora. Sannan ya ɗauko wata murɗaɗɗiyar waya mai kama da sifirin ya murɗa ta a ciki, don ita filogi zai kama. Wayar nan tana da wani ɗan harshe a ƙasanta, da shi ake juya ta, in ta zauna sai a karya shi a ciro. Ya zura doguwar filaya ya kama, ya karya, sai filayar ta suɓuce. Ƙis! Su biyun duk sun ji saukarsa a cikin silinda.

"Oga, me na ji ya faɗa?" in ji direba.

Bakanike ya ce, "Ɗan guntun waya ne. Sai na shafa wa tsinken ƙarfe giris na lalubo shi. In ya ƙi, mu sauke tof. Ka ba ni awa biyu."

Direba ya ɗaga kai ya dubi rana, ya waiwaya ya ga ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Ya ce, "Haba Oga! Motar da ke shan man 'yan bumburutu ba ta ƙware ba, wannan ɗan abin ne zai shaƙe ta? Ko tsufa ne ya fara kawo maka tsoro?"

Bakanike ya yi dariya, amma maganar ta sosa shi. A shekarunsa talatin ya sha ganin ƙurar alminiyam ta faɗa ciki ta bi hayaƙi ta fice, ba abin da ya faru. Sai ya faɗi abin da 'yan gareji suka saba faɗa: "Bar shi, zai fita ta salansa." Ya manta wannan ba ƙura ba ce, ƙarfe ne mai tauri.

Aka ɗaura filogi, aka murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau. Direba yana ta sa albarka. Wallahi ko kwalta bai hau ba aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai gum! Komai ya yi tsit. Da aka sauke tof ɗin, bakanike ya ɗora hannu biyu a ka yana salati. Guntun wayar ya maƙale a bakin bawul, ɗan murfin ƙofar da hayaƙi ke fita, ya hana shi rufewa, fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda ya taso ya doki bawul ɗin, kan bawul ya karye ya huda fistin ɗin. Sabon tiredi kuwa yana nan daram, yana ƙyalli, ko ƙwarzane bai yi ba. Awa biyun da aka ƙi bayarwa ta zama mako guda. Ranar kasuwa ce, duk motar da ta wuce a cike take, babu wadda za a juye wa tumatirin. Kafin la'asar ƙudaje sun rufe kwanduna, direba yana zaune a kan tsohuwar taya, ya rasa bakin da zai kira manoman nan da shi.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ba jahilci ne ya kashe injin nan ba. Mutumin ya iya aikin, ya yi duk mai wuyar, ya kuma ji saukar abin da kunnensa. Saboda haka don Allah, ko a gareji kake, ko a ofis, ko a cikin gidanka, duk ƙis ɗin da ka ji ka kawar da kai, koma yau ɗin nan ka lalubo shi tun ba a murɗa makulli ba. Hausawa sun riga sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.