Kwana Ɗaya a Duniyar Zara

Ranar da ta fita takaba, matan garin Bazaga suka cika gidan suna yi mata barka. Ita dai tana zaune, sabon zane a cinya, ko warware shi ba ta yi ba.

Da magariba ƙanwarta, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta nuna mata tauraruwa Zara, ko ta samu ta yi magana.

"Yaya, duniya ce ta duwatsu, maƙwabciyarmu. Can, daga fitowar rana zuwa wata fitowar, kusan wata huɗu ne."

Yayar ta daɗe tana kallon sama, idonta a bushe.

"Ashe can nike," ta ce. "Ku kunka ƙirga wata huɗu da kwana goma. Ni ranar da anka fita da gawarshi har yanzu ba ta faɗi ba."