Bayan An Kashe Tsohuwar Kwamfuta

Sati uku ke nan da Safinatu ta kashe tsohuwar kwamfutar ofishinsu na Bodinga, ta mayar da tura manhajar rabon taki kan sabon tsarin intanet. Tun ranar ko gyara ɗaya na manhajar bai isa wayoyin ma'aikatansu da ke garin Shagari ba. Damina ta kankama, manoma na jira. Ta bincika har ta gaji.

Ta nufi gidan Ɗanbaba, masinjan da ta sallama, mai kunna kwamfutar a da.

Ya ce, "Ɗiyata, can babu sabis. Kwamfuta ba ta taɓa aika komi ba. Ni ka kwasa a filas, ɗan abin nan da ake soka ma kwamfuta, in kai bisa babur duk Litinin."

Ta duba zauren, wayam, babu babur.

Ya ce, "Na saishe shi, munka sai hatsi."