Turakun Hanyar Baya

Katafila ta tsaya daf da ƙofar mai shago, direban ya leƙo ya ce, "Baba, a fitar da kaya. Ta cikin shagon nan zan bi."

Tun kwanakin baya, a taron gari, kowa ya yarda a gyara hanyar baya, domin duk ranar da kogi ya shanye gada, motar asibiti ba ta da mashiga. Mai shago ma ya ɗaga hannu. Amma da masu awo suka kafa jajayen turaku a bakin rumfar ƙanensa mai faci, sai abinci ya daina yi masa daɗi. Wato wanda ya goya ne zai samu titi da ciniki, shi a bar shi a lungu? Ranar da unguwa ta watse gona, ya tumɓuke turakun, ya jera su a ƙofarsa.

"Wane irin bi?" mai shago ya ce wa direban. "Ai gefen hanya ke nan!"

Direban ya yi dariya. "Gefe? Turke tsakiyar hanya yake nunawa, Baba. Inda yake, nan nake rushewa."

Maƙwabta suka yi cirko-cirko. Ƙanen ya matso, hannunsa duk baƙin taya, idonsa cike da ƙwalla.

"Yaya, na ga lokacin da ka kwashe su. Rumfata za a rushe, ka ɗauke mini. Da wane baki zan gode?"

Mai shago bai ko dube shi ba. Rumfar yake harara, wadda yanzu za ta zauna lafiya a bakin titi.