Ƙarshen da Mai Aski Ya Raina

"Ji shirme!" in ji mai aski, yana miƙa wa yarinyar da zai aura wayarsa. Shi ne alƙalin zauren da masoyan wata ƙungiyar mawaƙa ke ƙirƙirar labarai a kansu, kuma ba a bayyana marubuci sai an yanke hukunci.

"Wai babban mawaƙinsu ya durƙusa yana roƙon yarinya, ta ce ita talakan saurayinta take so. Don Allah wace mai hankali ce za ta yi haka? Sifili na ba shi."

Ta daɗe tana kallon yagaggiyar kujerar shagon.

"Ni na rubuta," ta ce, tana ɗaukar jakarta. "Amma ka yi gaskiya. Bari in je in gyara ƙarshen."