Ranar da Muka Kada Gwanin Shinkafi

Bayan an kai gero rumbu aka yi kokawa a garinmu, Banga. Da la'asar Sani, ɗan garinmu, ya sunkuci gwanin Shinkafi, wanda aka ce bayansa bai san ƙasa ba, ya maka shi da ƙasa. Ina ɗan shekara takwas, na sheƙa gida a guje.

Na iske kakata tana tsinkar zogale. "Inna, mun kada su!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ku da wa, maigidan? Kai da ɗan akuya ke kadawa in ya fizgi igiya?"

Can ta ce, "To, wa yak kada shi?"

"Sani na gidan maƙera."

Sai ta ture faifai, ta miƙe, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. "Ni nay yanke mai cibi! Da hannun ga!"

Yau gemuna ya yi fari, ban taɓa kama kowa da kokawa ba. Amma a tambaye ni ko gobe: mu uku muka kada gwanin nan, Sani da Inna da ni.